Bas ɗin Zubairu na Tsakar Gida

Zubairu kumsari ne, wato yaron mota, a layin kasuwar Suk al-Shabi zuwa garin Umdurman. Yaro a suna kawai, don furfura ta fara leƙo masa. In ya kira fasinja a tasha, har na hayin kogin Nilu sai ya waiwayo.

Abu ɗaya ke ci masa rai. 'Ya'yansa sun koma Larabci zalla, mahaifiyarsa Nagoggo kuwa Larabcinta na cefane ne. Ita da autarsa Ni'mat sai su wuni tabarma ɗaya kamar baƙin da kujerar mota ta haɗa.

Bayan hawan sojoji mulki man fetur ya yi wuya, mota na kwana a layin gidan mai, Zubairu na gida tun la'asar. Sai ya sayo tsohon littafin Larabci mai hotuna, labarin jakin mai sayar da ruwa. Ranar farko ya karanta kamar mai sanarwar rediyo. Kafin shafi na biyu, kaji kaɗai suka rage.

Washegari ya jawo gadon igiya tsakar gida, ya daddaki gefensa.

"Umdurman! Umdurman! Saura mutum ɗaya! Hajiya, matsa ciki mana!"

"Ja'iri, ni za ka mayar fasinja?" in ji Nagoggo. Amma ta hau.

Idonsa na bin Larabci, bakinsa na zubo Hausa. Ya yi kukan jaki, ya girgiza gado in an shiga rami. Mai tambaya sai ya ƙyasta yatsa kamar a bas, Zubairu ya ce "Kss!" labari ya tsaya. Sharaɗi ɗaya: a nan shi ne direba, kuma direban ba ya jin Larabci, sai Hausa.

Ado, babban ɗansa, ya ƙyasta. "Baba, jakin zai gudu?"

"Kai me ka gani? Dubi kunnensa."

Ni'mat kuwa sai dai ta danna yatsa kan hoto ta ƙyalƙyale. Zubairu bai matsa mata ba. Ya san fasinja, wanda aka ja da ƙarfi ba ya dawowa.

Wata Juma'a mura ta shaƙe shi, muryar nan ta koma ta ɗan tsako. Fasinja sun cika gado, ba direba. Ado ya ce yau ba tafiya, ya miƙe. Ni'mat ta fizge littafin, ta buɗe a cinyar Nagoggo.

"Kaka, duba. Jaki ta sha ruwa duka. Mutum ta yi kuka."

"Jakin mace ne yau?"

"Na'am. Tana da ɗa. Yi shiru, ni ne direba."

Nagoggo ta goge ido da gefen mayafi, ta gyara zama.

"To direba, tafi a hankali, bayana na ciwo. Ina ɗan nata yake?"

Ni'mat ta juya shafi tana nema.