Mama Roseline ta Tagar Magani

Kafin masu shara su gama da barandar asibiti, Mama Roseline ta riga ta iso daga gidanta da ke unguwar Sarkin Dawaki, jaka a hammata. Takan buɗe ɗakin magani, ta taɓa firij ta ji ko da sanyi, ta yi gajeriyar addu'arta a tsaye, sannan ta ɗaga tagar da marasa lafiya ke miƙo takardar likita. Haka take yi shekara da shekaru. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, shi ya sa na ga bai kamata ta tafi shiru ba.

Masu bin layi sun san halinta. Ba ta sakar wa mutum magani sai ya maimaita mata yadda zai sha. Na baya har tsaki suke yi, ita kuwa sai ta leƙo ta saman tabarau ta ce, "A yi haƙuri, kowa zai samu nasa bayanin." Hausarta irin ta Jalingo ce, in magana ta yi zafi sai ta ce wa mace "ka", amma ba a barin tagarta ba a gane ba.

Wadda ta fi kowa ba da labarinta ita ce Aisatu, wata tela a unguwar Sintali. Aisatu ta daɗe tana fama da ciwon jiki: wuya, kafaɗu, baya, ko'ina kamar an yi mata duka. Ta yi barci ta tashi a gajiye. An gwada jini, an ɗauki hoto, ba a ga komai ba. Daga nan surutu ya fara. Wasu suka ce lalaci ne, wasu suka ce iska ce. Mijinta Ismail, direban keke napep, yana ƙaunarta, amma shi ma ya koma yin shiru in ta ce jikinta. Ɗinki ya taru, masu kaya suka fara kwashe kayansu.

Daga ƙarshe wani likita ya gaya mata ciwon yana da suna, faibromayaljiya. Jijiyoyi ne ke ƙara wa zafi ƙarfi, shi ya sa gwaji ba ya nuna shi. Ya rubuta mata ƙwayar amitiriftilin.

Da ta zo taga, ta miƙa takarda ba ta ko ɗago kai ba. "Mama, wannan ma ba abin da zai yi. Ai cewa ake ƙarya nake."

Mama Roseline ta ajiye abin da ke hannunta, ta zagayo ta zauna kusa da ita a benci. "'Yata, ni na yarda da ke. Ciwon nan yana nan."

Aisatu ta ce ba ta san lokacin da hawaye ya zubo mata ba. Sai da ta natsu Mama ta yi mata bayani. A sha lokacin kwanciya, don yana sa barci. Baki zai bushe, a riƙa kurɓar ruwa. Ba ya aiki rana ɗaya, sai an yi makonni. Kada ta ƙara da kanta, kada ta daina kwatsam, in kuma ciki ya shiga ta zo a gaya wa likita.

Amma mai ciwo haƙurinsa gajere ne. Bayan ɗan lokaci Aisatu ta dawo, tana miƙa takarda hannunta na rawa, gumi na keto mata alhali safiya ce mai sanyi. Mama Roseline ta riƙe hannun ta taga.

"Me kike sha bayan namu?"

Aisatu ta damƙe bakin mayafinta.

"Ka gaya mini gaskiya! Ba faɗa zan yi maka ba."

A hankali Aisatu ta kwance bakin mayafin, sai ga ƙwayoyi. Tiramol ne, ƙwayar kashe zafi, wata maƙwabciya ta sayo mata a kemis, wai na asibiti ya cika jinkiri. Mama ta bar wa abokin aikinta Benjamin taga, ta kama Aisatu har gaban likita. Aka kwantar da ita. Likitan ya ce haɗa magungunan nan biyu na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, Allah ne ya sa aka gani da wuri.

Ismail ya iso a guje, ya tsaya bakin gado. Mama ta ja shi baranda ta yi masa bayanin ciwon tun daga farko. Can ya tambaya, "To Mama, ni ma bayana na ciwo saboda tuƙi. Zan iya shan nata?"

"Kai da kake ɗaukar 'ya'yan mutane? Barci zai kwashe ka a kan titi. Naka daban, je ka ga likita." Sai ta sassauta murya. "Ɗana, akwai abin da ba ni da shi a ɗakin magani. In ta ce jikinta na ciwo, kada ka yi shiru."

Aisatu ba ta warke ba, kuma Mama ba ta taɓa yi mata alkawarin warkewa ba. Akwai ranar sauƙi, akwai ranar da ko almakashi ba ta iya riƙewa. Amma tana barci yanzu, kekenta na ɗinki ya dawo yana ƙara, kuma mutanen Sintali sukan ga ita da Ismail suna ɗan tattaki da safe kafin ya fita aiki, kamar yadda likita ya ce.

Ke ce, Mama Roseline, uwar masu ciwon da ba a gani. Ke ce ba ki taɓa tambayar mutum coci yake zuwa ko masallaci ba kafin ki zauna da shi. Sunanki ba ya jikin bangon asibiti, amma yana bakin mata irin Aisatu, kuma suna da yawa.

Ita Aisatun ce ke ɗinka rigar da Mama za ta sa ranar bikin sallama. Da ta je gwada ta, Mama ta tambaye ta, "Yau jikin fa?"

"Yau da sauƙi. Jiya ne babu."

"To mun gode wa Allah da yau."

"Useko, Mama," in ji Aisatu, wato na gode, da Fillancin da take yi in abu ya kai mata zuci.

Ku da za ku gaji wannan aiki, ku dubi fuskar mai karɓar magani, ku tambaye shi me yake sha a gida. Mu kuma masu karɓa, mu faɗi gaskiya, mu daina raba wa juna ƙwaya don tausayi.

Mama ta ce garinsu Iware za ta koma, ta yi noman gyaɗa a gonar mahaifinta, jikokinta na binta a baya. Ki je ki huta, Mama, kin yi naki. Allah ya ba ki damina mai albarka da lafiyar cin abin da kika shuka. Jalingo ta gode.