Saiwar Ƙiryar Kawu

Ni aji biyu na yi a elemantare anka koro ni, wai bakina ya fi allona cika. Sai na koma Kalgo wurin kawuna masassaƙi, ina riƙe masa itace ina cika shi da surutu. Lokacin Bature bai tafi ba tukuna.

Wani akawu a Gwandu ya gina ɗaki mai siminti da tagar gilashi, ya aiko wa Kawu cewa shi ba ya son kujerar kafinta. Wadda yake so ta saiwar itace ce, a bar ta da murɗe-murɗenta, a goge kawai. Na ce, “Kawu, wanga boko ya taɓa shi. Ya bar daji, yanzu yana son a kai masa daji ɗaka.” Kawu bai yi dariya ba. Duk rayuwarsa turmi da akushi yake sassaƙawa, ya ƙosa ya yi abin da za a tsaya a kalla.

Bayan ruwa ya janye munka samu saiwar wata ƙirya a fadama, wajen Diggi, ta buɗe kamar hannun mutum. Masassaƙan wajenmu in sun ga itace, ciyawa suke ƙulla masa, shi ke nan ya zama nasu. Kawu ya ƙulla, munka tafi neman jakai.

Da munka dawo, wani ƙaton masassaƙin garin Masama na zaune a kanta da ƙannensa biyu. Su can sara uku suke yi wa itace da gatari ya zama nasu, ba su san zancen ciyawa ba.

Kawu ya ce, “Malam, tashi. Ba ka ga ƙulli ba?”

“Akuya ta gani, ta cinye.”

Na ce, “Baba, ai kai ma da ka ci, ga tumbi har ƙasa.”

Ƙaninsa ya zabga mini ƙotar gatari a baki. Haƙori biyu sunka zubo a tafina, ina kallonsu kamar gyaɗa. Kawu ya yi kukan kura ya kama ƙaton a wuya, sunka faɗi cikin laka. Na ɗauki tsagin itace na rotsa wa wanda ya buge ni kai, jini ya rufe masa ido, yana lalube yana zagin uwata. Jakai sunka watse. Kawu na bisa yana danna fuskar mutumin cikin taɓo, sai ɗaya ƙanin ya zo da gizago. Kawu ya ɗora hannu a saiwar yana cewa tasa ce. Nan gizagon ya sauka. Babban yatsan dama ya rage fata kawai ke riƙe da shi.

Fulanin da ke kiwo kusa sunka raba mu da sanduna. Mai gari ya ba Kawu saiwar, tunda a ƙasarmu take.

Ciwon ya warke, amma hannun ya daina riƙe gizago. In ya ɗaga, sai ya suɓuce. Akawu ya gaji da jira, ya aiko cewa a miƙa saiwar ga na Masama ya sassaƙa, ai shi ma gwani ne.

Kawu ya ce in kawo gatari. Da hannun hagu ya faskara ta, yana sara yana kuskurewa, tun hantsi har la'asar. Ya tula a rami ya cinna wuta ya rufe da ƙasa. Maƙeran Kalgo sunka kwashe gawayin. Ranar ban yi masa tsiya ba.