Malam Ɗalha Mai Faifai Biyu

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Ɗalha a shekarar 1958 a Dalijan ta ƙasar Gwandu. Mahaifinsa Malam Mamman manomin albasa ne, mahaifiyarsa Dije kuwa masaƙiyar faifai. Ya sauke Alƙur'ani a Gwandu, ya kammala firamare a 1972. Malamansa sun shaide shi da kaifin lissafi da yawan kallon sama, har sukan ce gangar jikinsa ce kaɗai ke cikin aji.

Sana'a da Aure

A 1980 ya koma Kalgo ya kama fataucin albasa, ya kuma auri Safiya bayan shekara biyu. A nan ya tsara ƙa'idar da ta fito da sunansa: a sayi albasa wata uku kafin azumi, a adana, a sayar cikin azumi. A shekarun nan azumi na faɗowa cikin damina, lokacin da albasa ke wuya, saboda haka ƙananan 'yan kasuwa suka riƙe maganarsa tamkar karatu.

Abin da ya shige masa duhu shi ne, watan azumi yana matsowa gaba kowace shekara, albasa kuwa ba ruwanta da ganin wata, lokacinta take bi. Riba na ta raguwa, shi kuwa yana ɗora wa direbobi laifi. A 1991 mabiyansa suka sayi albasa da tsada cikin sanyi, azumi ya zo daidai da ɗibar sabuwa, kasuwa ta cika maƙil. Wata bazawara cikinsu mai suna Huseina ta rasa jarinta kaf, abin da ya tsaya masa a rai har ƙarshen rayuwarsa.

Ƙirƙirar Faifai

Bayan sallar shekarar ya ziyarci Dalijan, mahaifiyarsa ta saƙa masa faifai biyu, babba da ƙarami, ya haɗa su da ƙusa a tsakiya. Babban yana ɗauke da rani, bazara, damina da kaka, ƙaramin kuma watannin Musulunci. Duk shekara yakan juya ƙaramin kaɗan, sannan bayan azumi ya ɗaura zare a bakin babban: fari idan an ci riba, ja idan an faɗi. Na farko ja ne, na Huseina.

Masu shinkafa, masu kifi da masu kayan miya daga Maruda har Malisa sukan zo su duba inda azumi da layya za su faɗo kafin su zuba jari. Burinsa ɗaya ne: ya ga faifan ya zagayo, shekara talatin da uku, zare ya cike bakinsa, domin kada wani mai ƙaramin jari ya sake shiga kasuwa da ka. Sau da yawa akan same shi da la'asar a ƙofar shagonsa na Kalgo yana shafa zaren, idonsa na can nesa, mai saye na ta sallama bai ji ba.

Ƙarshen Rayuwa

Tun 2020 ciwon ƙafa ya zaunar da shi, 'yarsa Jidda ta karɓi shago. Da gurbin zare ɗaya ya rage a bakin faifan, yakan nuna mata shi ya ce, "Wanga gurbi shi ka hana min kwana."

Allah ya yi masa rasuwa a watan Sha'aban, cikin Maris na 2023, azumin da yake jira bai kama ba. An yi jana'izarsa a Kalgo, aka binne shi a Dalijan kusa da mahaifiyarsa. Ya bar matarsa Safiya da 'ya'ya huɗu: Muzzammil, Ruƙayyatu, Shamsuddeen da Jidda.

Azumin ya faɗo daidai da ɗibar albasa, kamar na 1991, amma cikin masu duba faifan ba wanda ya faɗi. Bayan salla Jidda ta zare farin zare daga ragowar likkafaninsa, ta ɗaura a gurbin, dab da jan zaren Huseina.