Lambar da Alhaji Ya Sa Aka Rubuta da Fenti

Jama'a, yau ragunan Alhaji Sale sun rikiɗa sun zama kaji!

Kun san shafin da nake ɗora masa hotunan raguna, a tsohuwar kwamfutar ɗakina yake. To, lambar adireshinta ba ta zama wuri ɗaya. Da an ɗauke wuta an dawo, sai a ba ni sabuwa. Na gaya masa sau dubu. Ashe ya kira mai fenti an rangaɗa lambar a jikin motar dabbobinsa, ƙarƙashin "Allah Ya Kiyaye Hanya".

Yau a Kongolam dillalai suka danna lambar. Sai ga kyamarar gidan gonar wani, kaji fal.

Ya zo yana huci: "Malam Iro, ka kunyata ni. Kwashe min hotunana a kai babban kamfani."

Na ce, "Alhaji, ko ƙahon rago ba zai bar ɗakin nan ba. Na yi wa shafin suna mai bin lambar duk inda ta gudu."

Ya ce, "To fentin fa?"

Na ce, "Ni na aike ka? Ga wuƙa."

Yanzu haka yana ƙofar gidana, ya naɗe babbar riga, yana ta kankarewa.