Allon Saukar Ɗiyar Fari

Ciwon ya fara mini ne daga gindin babban yatsan hannun dama, daidai inda alƙalami ke kwanciya. Da farko na ɗauka gajiya ce, domin tun ina saurayi nake zayyanar allo a Bodinga, kuma duk yaron da zai yi saukar karatu a unguwarmu da ƙauyukan kewaye, a zaurena ake ƙawata allonsa. Sai wata safiya a farkon damina na farka na tarar da yatsuna sun kumbura sun sandare, na kasa ko riƙe butar alwala. Tsofaffi suka ce sanyin ƙashi ne, malamin asibiti ya ce amosanin gaɓɓai. Ni dai ban damu da sunan ba, tunda ko wanne aka kira shi ba ya amsawa ya tafi.

Ciwo ne mai zuwa ya koma. Yakan ƙyale ni har in manta da shi, in fara cika baki, sa'an nan hadari ya haɗo daga gabas in ji gaɓɓaina sun ɗauki zafi kamar an tura garwashi a ciki. In ya taso, maɓallin riga ma sai an saka mini. Loma ba ta dunƙuluwa, sai in ci tuwo da ludayi a ɗaki don kada yara su gani. Ranar Juma'a kuwa ita ce ranar wahala, domin kowa ya miƙo hannu sai ka ba shi naka, kuma manoman wajenmu ba su san gaisuwar lallaɓawa ba. Su matse, ni in yi murmushi, idona ya kawo ruwa.

A shekarun nan ne na koyi kallon hannun mutane. Ranar kasuwa nakan zauna a rumfar wani mai goro in yi ta bin hannaye da ido: mahauci yana feɗe rago kamar wasa, tsohuwa mai saƙar faifai tana hira ba ta ko duba abin da take yi, 'yan Danchadi suna ɗinke bakin buhun albasa da basilla. Ba wanda ya san yana da wata dukiya a jikinsa, kuma wannan rashin sanin nasu shi ya fi ba ni haushi. Ban yi ƙyashin mai mota ba, ban yi na mai bene ba. Yatsu nake ƙyashi.

Amma duk hannayen duniya ba wanda ya tsaya mini a rai kamar na taubashina, ɗan gwaggona da ke Shagari. Tare muka yi karatu a gaban mahaifina, tare aka koya mana fiƙe alƙalami da dafa tawada. Shi ɗan mace, ni ɗan namiji, don haka tun muna yara nake kiransa bawana, shi kuma ya kira ni ubangida, a yi dariya a wuce. Hannunsa faffaɗa ne mai kanta, hannun garma, kuma rubutunsa a lokacin kamar kaza ta yi tono a bola. Ya koma gida ya kama noma, yana taɓa zayyana jefi-jefi in babu wanda zai yi. Da aka shiga mulkin farar hula, ɗan garinsu ya hau kujerar ƙasa, sai Shagari ta cika da baƙi da motoci. Manya masu son a ga 'ya'yansu sun sauke suka fara neman mai zayyana kusa, ni kuwa hannuna ya fara ƙin aiki. Na riƙa jin labarin allunansa a bakin mutane, ina cewa rashin farin wata ne ya sa tauraro ke haske. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni kam na zuba masa taki ba kaɗan ba.

Da soja suka karɓe mulki, motocin suka ɗauke ƙafa daga garin, ba zan ɓoye ba na ji wani sanyi-sanyi a raina. Sanyin bai daɗe ba, domin mulki ne ya tafi, hannun taubashina yana nan inda yake.

A daminar da ta biyo baya ce ɗiyata ta fari ta kai ƙarshen karatunta. Wanda ya san al'adarmu ya san abin da ke tsakanin uba da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a bainar jama'a ba, in za ta wuce sai in kau da kai kamar ɗiyar maƙwabta ce. A ɗakin mahaifiyata ta girma. In tana biya karatu da hantsi nakan ji muryarta ta bayan katanga, in ta yi daidai ba ni da bakin yabawa, in ta yi tuntuɓe sai in sa ƙanenta ya je ya gyara mata. Taubashina kuwa in ya zo, ita ce farkon mai tarbarsa. Ya kira ta da sunanta, ya tsokane ta, ta yi dariya har da riƙe ciki, ni ina zaure ina jin su ina haɗiyar yawu.

Abu ɗaya al'ada ta bar mini, shi ne allon saukarta. Ba wanda zai ce na yi rashin kunya don na zauna na ƙawata allo, tunda sana'ata ce. Shekaru ina ajiye mata wani zane a kaina wanda ban yi wa ɗan kowa ba, mai da'ira a tsakiya da sarƙa mai zagaye Fatiha, kuma na ƙudura duk abin da bakina bai iya gaya mata ba zan zuba shi a nan. Na sa masassaƙi ya sassaƙo mini allo babba, na goge shi har ya yi santsi. Sai ciwon ya taso, tasowar da bai taɓa yin irinta ba.

A shekarar an yi fari. Hadari ya haɗu ya watse ba ɗigo, gero ya tsaya yana naɗe ganye, amma hannuna bai san an fasa ruwan ba, duk haɗuwar hadari sai ya karɓi rabonsa. Na je asibiti Sakkwato aka ce babu magani, in je kemis, a kemis aka ce ƙwayar ta yanke tun da aka tsuke shigo da kaya. Lokacin sabulu ma sai an bi layi. Na dawo kan na gida. Matata ta riƙa narka man kaɗanya tana murza mini, tana gasa mini yatsun da tsumma da ruwan zafi. Wani wanzami daga Danchadi ya yi mini ƙaho a bayan hannu, ya tsotse jini baƙi ya nuna mini, ya ce ga ciwon nan ya fita. Ciwon bai ji wannan sanarwa ba.

Duk da haka na zauna aiki. Da yatsun suka ƙi kama alƙalami, na sa aka ɗaure mini shi da zare a jikin manuniya. Na ja layin farko ya fita kamar hanyar tururuwa. Na rubuta Bisimilla, da na duba sai na ji kunyar harrufan. Rubutun Alƙur'ani kuma ba a kankare shi a watsar, sai a wanke a ƙwarya a sha, ko a zuba inda ƙafa ba ta takawa. Haka na yi ta yi, in rubuta, in wanke, in shanye, in jingine allon ya bushe. Na gwada hagu sau ɗaya a kan takarda, raina bai kwanta ba, domin ban ga yadda zan rubuta wa ɗiyata Fatiha da hannun tsarki ba.

Ana saura 'yan kwanaki, matata ta shigo zaure ta same ni da ƙwarya a gaba.

Ta ce, "Malam, lokaci na tahiya. Ka kai ma Baffanta na Shagari allon ga mana."

Na ce, "Wanga mai tonon kaza?"

Ta ce, "Kazar dai ita ta riƙa rubuta ma 'yan manya. Ko so kaka yi yarinya ta tsaya gaban mutane da allo tsirara?"

Ta kwashe ƙwaryar ta fita. Na yi fushi da ita yini guda, fushin da ake yi da mai gaskiya. Washegari na naɗe allon a zane na shiga motar kasuwa, na rungume hannuna a ƙirji don kada wani ya buge shi.

Na same shi ya dawo daga gona yana wanke ƙafa a ƙofar gida. Da ya gan ni ya washe baki.

"Ubangida da kansa gidan bawa? Lahiya dai?"

Ya miƙo hannu, na miƙa masa nawa, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bai matse ba. Ya tallabe shi a tafinsa yana duba ƙullutun da suka fito a gaɓɓai, dariyar ta bar fuskarsa.

Ya ce, "Tun yaushe yak kai haka ba ka hwaɗi ba?"

Da ya tsokane ni da na fi jin daɗi, don da na sami abin ramawa. Tausayinsa ne ya ƙona ni. Na kwance allon na aje masa, bai ko tambayi na wa ne ba.

Ya shimfiɗa buzu a inuwar zaure, ya fito da gwangwanayen garura ja da kore da ruwan ɗorawa, ragowar zamanin da manya ke kawo masa aiki, alhali ni na zagaye kasuwar Bodinga ban sami ko ja ba. Ya ce, "Ka zama ido, in zama hannu. Yadda kac ce haka za a yi."

Na fara faɗa yana ja. Na zuba wa yatsun nan ido, kaurara masu faso, har da ƙasar gona a ƙarƙashin farce, ina jiran su yi rawa. Ba su yi ba. Ya kafa ƙusa da zare ya zagaya da'ira ta haɗe bakinta ba tare da an ga mahaɗa ba. Ya tsoma alƙalami ya ja layi daga sama har ƙasa da numfashi ɗaya, yana yi yana ba ni labarin yadda tsuntsaye suka addabi ɗan geron da ya tsira. Ban san yaushe ya koyi wannan ba. Shekarun da nake zaune ina raina shi, ashe shi yana zaune yana aiki. Allah ya gani, ina zaune a kan buzunsa, na sha furarsa, ina fatan tawada ta ɗiga ta ɓata allon ɗiyata, don kawai in ga hannun nan ya yi kuskure.

Da muka zo kan sarƙa na ce ya bi da ita kai tsaye ta zagaye rubutun. Ya ɗan tsaya, ya karkata kai.

"In na lanƙwasa ta nan kusurwa, ta shiga ƙarƙashin 'yar'uwarta ta hito, mi kag gani?"

Na ce ba haka na tsara ba. Ya ce to, sai ya zana mini a ƙasa da tsinke don in gani kawai. Na duba, na sake dubawa. Abin da na ɗauke a kaina shekara da shekaru ya koma kamar aikin ɗan koyo a gefen wannan. Na ce ya yi yadda ya zana.

Washegari kafin la'asar ya gama. Ya rako ni bakin hanya, ya ce in ina so ba sai kowa ya san wanda ya yi ba. Na ce masa ban lalace haka ba tukuna.

Ranar sauka gida ya cika. Ta karanta a gaban malaminta ba gargada, aka shafa, aka raba waina da goro. Taubashina ya zo, ya zauna a gefena yana karɓar gaisuwar da ni ba na iya miƙa wa hannu. Da hantsi ya yi, ƙawayenta suka kewaye ta a tsakar gida kafin su fita zagayen dangi da allon, ni kuma na koma zaure na tsoma hannuna a ruwan ɗumi. Ta bayan katangar nan na ji muryarta.

"Wallahi ban taɓa ganin zayyana irin wagga ba."

Yarinyar da ta tashi tana ganin duk allon da ya fita daga zaurena ce ta faɗi haka, kuma ba ƙarya ta yi ba. Wata ta tambaye ta ko babanta ne ya yi. Ta ce a'a, Baffanta ne na Shagari, kuma na ji daɗin da ke cikin muryarta lokacin da take faɗa.

Da ta yi aure ta tafi da allon. Yana rataye a bangon ɗakin da take saukar baƙi, launinsa bai ko dushe ba. Ba na yawan zuwa gidanta, sai suna ko rashin lafiya. Duk zuwan da na yi nakan so in zauna inda ba zan gan shi ba, amma Fatiha ce a jiki, ba a juya mata baya. Sai in zauna ina fuskantarsa har a gama gaisawa.