Ruwan Jegon da Inna Ta Dafa a Lyon

Shekarun baya, ina da cikin fari, muna haya a wani tsohon gida a ƙauyen da ke gaba da Bron, garin da na yi jami'a a gefen Lyon. Mijina yana aikin sauke kaya a kasuwar Rungis ta Paris, sai ƙarshen mako yake hawo jirgin ƙasa ya zo. A falon gidan akwai murhun ƙarfe na itace. A ɗakin girki kuma akwai na'urar ruwan zafi irin marar tanki, wadda sai an buɗe famfo gas ɗinta ke kamawa ya ɗumama ruwan yana wucewa. Da rani lafiya lau. Da sanyi kuwa ruwan yana shigo mata kamar ƙanƙara, sai ta yi iya yinta ta ba ka mai ɗumi-ɗumi.

Da mahaifiyata ta samu takardar zuwa daga Damagaram don ta zauna mini jego, tambayarta ta farko a waya ita ce ko muna da fili a waje da za a kafa tukunya. Na yi dariya har da riƙe ciki. Ni da ke ganin na yi boko na wuce wannan, na ce mata ai nan famfo ake murɗawa.

"Wanga ruwan naku na alwala ne," in ji ta. "Mai jego da shi za ta yi wanka?"

Mijina bai yi dariya ba. Ya nemi izinin mai gidan, ya kira abokinsa, wani ɗan Cadi mai aikin famfo a unguwar Minguettes. Suka naɗa bututun jan ƙarfe a bayan murhun, suka kai shi cikin wani ƙaramin tanki, daga tankin ya wuce na'urar. Wato itace ya fara kashe wa ruwan sanyi, gas ya ƙarasa. Abokin ya gargaɗe mu cewa wuta kaɗan-kaɗan ake sawa, don in ruwa ya tafasa cikin bututun to akwai matsala. Ranar da suka gwada, mijina ya tara hannu a famfo ya janye da sauri yana murna. Ya jibge itace a bayan gida har ya kusa kai taga.

Inna ta iso da busasshen ganyen tsamiya da na darbejiya cikin akwatinta, da 'yan riguna da ta ba tela ya ɗinka.

Yaron ya zo a tsakiyar sanyi. Namiji ne. Bai yi kuka ba, kuma ba a samu yadda aka yi ya numfasa ba. Mijina da 'yan uwanmu na masallaci suka kai shi sashen Musulmi na makabarta ina kwance a asibiti. Na dawo gida hannu biyu babu komai. Da hutun mijina ya ƙare, dole ya koma Rungis, ya bar ni da Inna.

Na shige ɗaki na juya wa duniya baya. Ba ci, ba magana, ba wanka. Nono ya kawo, ya jiƙa mini riga, na tsani jikina kamar in cire shi in ajiye. Kowace safiya Inna takan tsaya bakin ƙofa da ganyenta.

"Tashi ki yi wanka, ɗiyata."

"Wankan me, Inna? Jegon wa?"

"Jikinki bai san yaron ya koma ba. Shi dai ya san ya haihu."

Na ja bargo na rufe kaina. A lokacin gani nake ba ta da tausayi, tunda ko sau ɗaya ban ga hawayenta ba. Ita kuma tana ganin ina zubewa a gabanta, a ƙasar da ba ta jin yarenta, ba ta da maƙwabciyar da za ta kira.

Wata safiya na ji bango yana bugawa kamar ana dukan ƙarfe da guduma. Sai wani huci mai ƙarfi ya biyo baya. Na fito ina dafa bango. Falon ya cika da tururi. Ashe Inna ta yanke shawarar in na ji ruwan ya yi zafi irin na gida zan tashi. Ta cika murhun da itace yadda ta saba cika ƙarƙashin tukunya, ta yi ta ƙarawa, kuma a cikin wannan baƙin ciki babu wanda ya tuna ya gaya mata gargaɗin mai famfo. Ruwa ya tafasa cikin bututun, tankin ya fesar da shi ta bakin da aka yi masa don haka, na'urar ta kashe kanta. Inna ta kai hannu za ta toshe wurin.

Na same ta zaune a ƙasa, zaninta ya jiƙe, ganyen ya watse cikin ruwa, bayan hannunta na dama ya saluɓe. Ba hannun take kallo ba.

"Na taho tun daga Damagaram," ta ce a hankali. "Ban ɗauki jikana ba, ban yi mishi wanka ba. Abu guda ya rage da na iya, shi ma ya ƙi ni."

Sai ta fashe da kuka, irin wanda ban taɓa ji daga bakinta ba. Ni da na kasa ɗaga kaina daga matashi, ni na ja ta zuwa famfon sanyi, na kira motar asibiti, na kira abokin mijina. Ya zo da yamma ya gyara bututun, ya yi mana sannu.

Washegari ni na hura murhun, da 'yan itace kaɗan. Na tara ruwan a bokiti, na sirka shi yadda ungozomar asibiti ta ce kada ya wuce kima, na zauna a kan kujera 'yar tsugunno. Hannun Inna na dama yana naɗe, don haka da hagu ta riƙe ganyen. Ta tsoma, ta fyaɗa mini a baya. Da zafin ya ratsa ni na yi kukan ɗana, karo na farko da murya. Ba ta ce in yi haƙuri ba, ta dai ci gaba da tsomawa. Haka muka yi har arba'in.

Yanzu muna Paris, Allah ya ba mu wasu 'ya'yan, ruwan zafi kuma sai dai a murɗa. Amma har yau ƙanshin hayaƙin itace yana tsayar da ni a hanya. Na daɗe kafin in gane cewa ba kowa ne ke iya ta'aziyya da baki ba. Inna da ruwa take yin tata.

Da ta rasu ina kan hanyar zuwa duba ta, na samu isa Damagaram kafin a yi mata sutura, aka sa ni cikin masu wanka. Tabon yana nan a bayan hannunta. Wata gwaggona ta kawo ruwa daga randa, na ce a dakata. Na fita tsakar gida na hura itace da kaina, na ɗumama shi, na gwada a hannuna kafin ya taɓa ta.