Saƙon da Ke Bi ta Bakin Tela a Kusada

Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar Kankia daga Katsina, ni da abokaina biyu da muke wasan waya tare. Ɗaya ya yi barci tun kafin mu fita gari, ɗayan kuma ya kama direba da gardamar kuɗin mota, wanda ya ƙaru kamar ana hura shi da baki. Direban bai kula shi ba sai da muka wuce Charanchi, sannan ya ce in yana da rijiyar fetur a gida ya faɗa masa.

Bari in yi wa waɗanda ba su san wasan ba bayani. Asalinsa wani tsohon wasa ne na labari, wanda mutum ɗaya ke jan jarumi daga gari zuwa gari. Yanzu masu shi sun tattaro jaruman da mugayen, sun zuba su fili guda, uku suna faɗa da uku. Wani saurayi a Kusada da muke haɗuwa da shi a wasan ne ya gayyace mu. Ya ce mu zo mu kara da ƙungiyarsu, kuma yana son aron mutum ɗaya cikinmu don gasar da za a yi a birni, saboda na ukunsu yana ja musu baya.

Lokacin kaka ne, gyaɗa a shanye gefen hanya, dawa ta sunkuyar da kai. A Kankia muka karya da koko da ƙosai mai zafi a bakin tasha, muka leƙa wani shagon caji inda samari ke ta danna waya. Da na tambayi ra'ayinsu kan wasan, sai ka ce na taɓo gidan rina. Wani ya ce filin ya cika hayaniya, ba ka sanin wanda ya buge ka. Wani ya ce in sabis ya yi rauni jaruminka sai ya tsaya ƙiƙam ana jibgarsa. Wani dogo kuwa ya ce shi abin da ke ƙona masa rai, ka iya wasanka amma sakarcin abokin tafiya ya kayar da kai. Duk da haka ba wanda ya ajiye wayarsa yayin da yake zagin.

Daga nan muka hau babura zuwa Kusada. Ɗan acaɓan da ya ɗauke ni ya san kowane rami da sunansa, sai dai bai kauce wa ko ɗaya ba. Mun tsaya wajen wata Bafulatana muka sha fura da nono mai kauri, irin wanda in ka sha sai ka nemi inuwa.

Saurayin ya tarbe mu a rumfar wani tela, wanda shi ne na biyu a ƙungiyar. Can ƙarshen benci wani magidanci na zaune da furfura jefi-jefi a gemu, wayarsa fuskarta a tsage. Muka gaisa a mutunce. Sai da saurayin ya tafi kawo mana ruwa telan ya raɗa mini cewa wannan shi ne na ukun da ake son cirewa, kuma mahaifin saurayin ne. Yaron ɗan farinsa ne.

Nan na gane matsalar. Mutumin na nan kan al'adar da ya gada: ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yi masa magana kai tsaye, ba sa cin abinci kwano ɗaya. Telan ya ce tun da yaron ya tasa, wannan bencin ne kaɗai inda uban ke zama kafaɗa da kafaɗa da shi ba wanda ya ce komai. Kuma uban ya san abin da ya kawo mu.

Na tambayi magidancin yadda yake ganin wasan. Ya ce ya yi na asalin yana saurayi, lokacin da yake aikin gini a Kano.

"Wancan shi ne wasa," in ji shi. "Wanga kuwa shirme ne, kowa na tsalle kamar an saki awaki."

Na ce to me ya sa yake yi kullum? Ya duƙar da kai yana goge wayarsa da bakin riga.

Bayan la'asar muka fara. Mutumin ya iya wasa, hannunsa ba ya rawa, kuma ya fi kowa ganin fili. Amma wasan na son a yi ta kiran juna. In ya hango mun zagayo ɗan, sai ya juya wajen tela ya ce, "Hwaɗa mashi bayanshi." Kafin tela ya buɗe baki mun riga mun gama da yaron. Abokaina suka riƙa danne dariya, ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Yaron kuwa sai cizon leɓe yake, don ba shi da bakin yi wa uba tsawa. Muka ci su, muka sake cin su.

Ana cikin karawar ƙarshe wata mata ta zo karɓar ɗinkinta, ta tsaya kan tela da faɗa. Ya juya yana ba ta haƙuri, wayar a cinya. Daidai nan abokina ya lallaɓo ta bayan jarumin yaron. Uban ya gani. Ya dubi tela, tela na can yana rantsuwa gobe zai gama. Sai kawai muka ji ya kira sunan ɗansa, da ƙarfi, har matar ta yi shiru.

Ba zan rubuta sunan ba. Mutumin ya adana shi shekara da shekaru, ba ni zan watsa shi a nan ba.

Yaron bai kauce ba. Yatsunsa suka tsaya cak, ya ɗago yana kallon mahaifinsa, abokina ya buge shi, wasa ya ƙare. Ba wanda ya yi murna cikinmu. Uban ya miƙe ya ce zai je ya duba shanyar gyaɗarsa, ya fita da sauri har ya bar hularsa a benci.

Da yaron ya rako mu bakin hanya, abokina ya tambaye shi wanne cikinmu yake so a gasar. Ya daɗe yana juya hular a hannu.

"Ku yi haƙuri da wahalar da na ba ku," ya ce. "Mun cika uku."

Muka shigo Katsina ana kiran magariba. Na tafi da niyyar jin ko wasan na da kyau ko ba shi da shi, na dawo na san cewa mai kushe abu ba lallai abin yake magana a kai ba, kuma wani ba don ya ci yake zama a benci ba.

Ni ma ɗan fari ne. Na tarar da mahaifina a zaure yana alwala, na durƙusa na gaishe shi. Bai dube ni ba. Ya juya wajen ƙanena ya ce, "Tambaye shi ko ya ci abinci."